Tudun Bayan Gidan Su Chizuru

"Cire shi daga laccar kawai, Shunpei," in ji Chizuru. "Hoto ɗaya ne fa."

"Ba hoto ba ne, Chizu. Tudun bayan gidanku ne."

"Ni za ka gaya wa tudun gidanmu? A gindinsa aka yanke mini cibiya."

Suna tsaye a tashar jirgin ƙasa, ana yayyafi. Lema ɗaya suka riƙe, amma kowa kafaɗarsa a jiƙe.

Bara suka haɗu. Shi malamin labarin ƙasa ne a sakandare. Ya zo garinsu sauraron laccocin da ake shirya wa malamai duk kaka, kan duwatsu da motsin ƙasa, ya sauka a masaukin baƙi na iyayenta, mai maɓulɓular ruwan zafi ta wanka. Ta tarar da shi a lambu ya durƙusa yana lasar tsakuwa don ya ga launinta.

"Baƙo, abincin namu ne bai ƙosar da kai ba?"

Tun ranar take kiransa Malam Tsakuwa. Shi kuwa tun ranar bai sake samun natsuwa ba.

Bana shi aka ba lacca. Abin da zai faɗa bai da daɗi: tudun yana zamewa a hankali, itatuwan samansa sun karkace, ruwa mai ƙarfi zai iya sauko da shi kan unguwar masaukai.

Tsoho Genzo, mahaifinta, ba shi da ɗa namiji. Duk mai auren Chizuru sai ya ajiye sunan gidansu ya ɗauki na gidan tsohon, wato Kamikura, ya gaji masauki da kaburburan kakanni. Shunpei ya yarda tuntuni. Sai labarin laccar ya iso kunnen tsohon, ya sa aka kira shi.

"Malam, yaushe zai faɗo?"

"Ban sani ba, Baba. Wataƙila baɗi, wataƙila sai jikokinku."

"Ba ka sani ba, amma za ka kore mini baƙi? Kakan kakana ya dafa shinkafa a ƙarƙashin tudun nan, bai faɗo masa a tukunya ba. Ko lacca ko 'yata. Zaɓi."

A makon ne Takuma, ɗan mai motocin da ke kawo baƙi garin, ya fara zuwa da kwandon tuffa yana yaba kyan tudun.

Saƙon Chizuru ya sami Shunpei a aji: "Malam Tsakuwana, yau Baba ya ba Takuma shayi a ɗakin manyan baƙi. Ka yi shiru shekara ɗaya tak. Mu yi aure, sannan ka faɗi abinka. Don ni."

Ya rubuta mata: "In ya sauko cikin shekarar fa? Ɗakinki zai fara binnewa, Chizu."

Ta karanta. Ta kife wayar.

Ranar lacca zaure ya cika da malamai, kowa da alƙalami. A can baya masu masaukai ne, sun harɗe hannuwa a ƙirji. Da Shunpei ya hasko hoton tudun a bango, wani ya ce, "Ɗan bani-na-iya!" Ya ci gaba. Sai idonsa ya faɗa kan Chizuru, zaune kusa da Takuma. Ya sha ruwa, ya ƙarasa maganarsa har ƙarshe, bai rage komai ba.

A bakin ƙofa ta tare shi.

"Ina taya ku murna," ya ce, bai kalle ta ba.

"Kai dai wawa ne. Baba ya ɓoye makullin motarmu, shi ya sa na hau ta Takuma." Ta naɗe hannun rigarta, fatar duk ta kuje. "Jiya na hau tudun. Ƙasa ta tsage kusa da kabarin kakata. Hannuna ya shige har kafaɗa, ban taɓo ƙarshe ba."

"Chizu..."

"Na gaya wa Baba, ko kai, ko sunan Kamikura ya mutu tare da ni."

Bayan laccar, baƙin masauki suka ja baya, maƙwabta suka daina gaisuwa. Daga ƙarshe tsohon ya ce, "Gara suruki mai baƙin baki da gidan da ba magaji. Amma ni ba zan tashi daga nan ba."

Da damina ta faɗi aka ɗaura aure. Amarya cikin fararen kaya, ango da sabon suna. Rabin matasan zaman da aka jera a babban ɗaki ba kowa a kansu. Ango da amarya suka kurɓi giyar shinkafa daga ƙoƙo ɗaya, Chizuru ta matse yatsunsa ta ƙarƙashin hannun riga.

Genzo ya miƙe da ƙyar. "Kakanni su riƙe ku. Ku tsufa tare, ku cika gidan nan da yara." Sannan ya zauna.

Tun safe ake ruwa, yanzu kuma ya ƙara ƙarfi, har ba a jin mai kiɗa. Ruwan kwatar bayan masaukin ya koma ja da ƙasar tudun. Tsohon ya ja ƙofar katako mai rufin takarda, ya tsaya yana kallon tudun da hazo ya rufe. Sannan ya juyo, ya kira Shunpei da sunan da bai taɓa kiransa da shi ba.

"To, ɗana. Mu yi wa baƙi shimfiɗa a nan, ko mu kwashe su?"