Ƙwayoyin Dakta Liya

Shekara ashirin da biyu Sufeto Abdulƙahhar yana aikin ɗan sanda. An kawo masa ƙarar satar babur, da ta akuya, har da ta lasifikar masallaci, amma sai ranar Lahadin nan da azahar ya fara jin an saci jinin ungulu.

"Jinin me?" ya sake tambaya, biro a hannu.

"Na ungulu, Yallaɓai. Jini da tsoka, a 'yan kwalaben roba, kowacce ba ta kai ɗan yatsa ba. Sun fi dubu."

Mai ƙarar dattijuwa ce 'yar Wusasa, sunanta Dakta Liya Zacchaeus, da kayan coci a jikinta. Kurtun da ke tsaye a bayan kantar ofis ya fara murmushi, Sufeto ya harare shi.

"A jinin kowace dabba akwai ƙwayoyin halitta," in ji ta, "su ke nuna asalinta da danginta. Tun ina budurwa nake bin kwatar mahauta gari-gari ina ɗibar na ungulu. Da su nake son gano waɗanda suka rage a wasu ƙasashe masu dangantaka da namu, ko a dawo da irinsu. In kwalaben nan ba su koma sanyi ba kafin gobe, sun zama shara."

Ɗakin binciken nata shago ne guda a Fagge, bayan kwata. Nan ta koma da firizarta tun da cibiyar da take wa aiki ta rufe sashensu, aka ce mata ƙasa na fama da matsalar mutane, wa ke ta tsuntsu.

Sufeto ya duba kwaɗon ƙofa. Ba a fasa shi ba. Kwamfutarta na kan tebur, firiza a rufe ruf tana ta gurnani, cikinta wayam.

"Ɓarawon da ya bar kwamfuta, ya rufe firiza, ya mayar da kwaɗo," ya ce. "Wannan yana da tarbiyya. Su wa ke da makulli?"

"Ni, da Nelson mai gyaran sola, sai mai shagon, Alhaji Hambali. Amma Alhaji mutumin kirki ne. Shi ne shugaban kwamitin tsaron unguwa."

A Sabon Gari suka sami Nelson a bakin shagonsa, tsakanin tsofaffin batura. Da ya ga kaki sai ya miƙe.

"Ina kake da safen nan?"

"Coci, Oga. Tambayi kowa."

"Ka taɓa yi wa wani maganar abin da ke cikin firizar?"

"Ni? Ko matata ba ta sani ba."

"To, sai mu je ofis ka tuna a hankali. Makulli uku ne, naka ne ya fi yawo."

Nan take tunani ya dawo masa. Ya ce ranar Juma'a batir ya mutu, firiza ta tsaya, Dakta ta fito bakin shago hannu a ka tana cewa, "Ƙwayoyina za su lalace! Ƙwayoyin shekara ashirin!" Alhaji Hambali na zaune a benci yana ji. Da ta koma ciki sai ya kira Nelson gefe ya tambaye shi wace irin ƙwaya ce take ajiyewa.

"Ka ce masa me?"

Nelson ya sosa ƙeya. "Wasa nake, Oga. Na ce irin mai tsada ce, har Turawa na zuwa nema."

Nan Sufeto ya gano bakin zaren. A Kano, in ka ce ƙwaya, ba wanda zai kawo ungulu a ransa. Dakta kam ba ta gane ba tukuna, tana ta duba agogo, shi kuma bai iya gaya mata ba.

Gidan Alhaji Hambali na jikin shagon. Ya tarbe su a soro, dattijo mai furfura, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma.

"Rabona da shiga shagon nan tun ranar da na ba ta haya," ya ce.

"Me ya sami hannun, Alhaji?"

"Ruwan shayi."

Daga wani ɗaki da ke gefen soron aka bugi ƙofa da ƙarfi, muryar babban mutum ta yi wata irin dariya, sannan ta koma kuka. An ɗaure ƙofar da sarƙa daga waje.

"Ɗana ne, Abdulnasir," in ji Alhaji, idonsa a ƙasa. "Da, shi ke jan mu sallar tarawihi."

Sufeto ya shinshina iska. Tun shigowarsa yake jin ƙaurin roba. Ya nemi izini, ya bi ƙaurin zuwa kangon bayan gida. Can ya tarar da rabin duro, cikinsa baƙin dunƙule mai ɗumi har yanzu, da galan ɗin fetur a gefe. A ƙasa akwai 'yar takarda da wuta ta ci gefenta. Ya ɗauko ya miƙa wa Dakta.

Rubutun hannunta ne: Kwatar Fagge, mace, 2006.

Ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan bulo, takardar a tafin hannunta.

"Ni na ƙona," in ji Alhaji daga bayansu, muryarsa ba ko gezau. "Na jira ta tafi coci. Da kunnena na ji ta ce ƙwaya. Shekara shida ɗana na ɗaure saboda ƙwaya, sannan a ajiye ta a shagona? Da na kawo muku ƙararta, gobe ku sake ta. Na duba, ruwa-ruwa ce, ja, sabon samfuri. Na ce wallahi ba za ta shiga cikin ɗan kowa ba."

"Jinin ungulu ne, Alhaji," in ji Sufeto.

"Ungulu?"

Dakta ce ta yi masa bayani, a hankali, kamar mai koya wa ɗan aji ɗaya. Ta gaya masa ƙwayar da take nufi, da shekarun da ta yi tana tsugunno cikin jini da tumbi mahauta na yi mata dariya, da auren da ta bari ya wuce, da mahaifinta da ya rasu tana daji. Tana magana, Alhaji na ƙanƙancewa a cikin babbar rigarsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Rashin sani ya fi dare duhu. Dakta, ki yafe ni. Ko shagon ne ki riƙe. A je a ɗebo wasu, ni zan kai ki ko'ina ne."

Sufeto ya ji tausayinsu su biyun har ya rasa wanda zai kalla. Ga mai laifi ya amsa da bakinsa, fayil zai rufu yau, kuma ba abin da hakan zai dawo da shi. Bai fito da ankwa ba. Ya dai ce, "Mu je ofis, Alhaji."

Sun juya za su tafi, Dakta ta ɗago.

"Alhaji, a kwatar nan ka girma. Yaushe rabonka da ganin ungulu a Kano?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya ɗaga kai. Saman kwata, inda da ƙuruciyarsa ungulaye suke rufe rana, ba komai sai wata baƙar leda da iska ke wasa da ita. Ya daɗe yana dubawa, har Sufeto ya taɓa kafaɗarsa, suka wuce mota. A bayansu Abdulnasir na ta bugun ƙofa.