Yaron da ke Cikin Gilashi

Sista Perpétue ce ta fara gani. Da hantsi ta shiga ɗakin tarihi da tsumman goge-goge, ta tarar da akwatin gilashi a kulle yadda ta bar shi, amma babu Yaron.

Haka kowa ke kiransa a Kwalejin Uwar Jinƙai ta Allada. Ɗan sassaƙen itace ne, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, sanye da farar riga irin ta fada, wato limamin coci. An ce Yesu ne yana ƙarami, kuma Fada Lemarchand, Baturen da ya kafa kwalejin, shi ya zo da shi. An riga an yanke cewa da zarar an gama bikin cika shekara saba'in za a aika shi Faransa, ya zauna can ke nan. Shugaban kwalejin ya ce ko ana ha-maza ha-mata sai an nemo shi kafin baƙi su iso.

Sufeto Ablawa Hounsa, 'yar sandar da aka ba binciken, ba ta so aikin ba. A nan ta yi karatu, kuma ba ta manta yadda ake cewa duk Juma'a mai na tsattsafowa daga bakin Yaron ba. Ɗalibai na kiran abin al'ajabi, ita kuwa kewaye tagar ɗakin tarihin take yi, don fuskar nan da ta suɗe, ba ido ba hanci, tana tayar mata da tsigar jiki.

Ta duba akwatin. Ba a taɓa kofin azurfa ba, agogon Baturen ma yana nan, makulli lafiya lau. A kan ƙyallen da Yaron ke tsayawa akwai jan tabo, sabo a kan tsoho. Ta shinshina, manja ne. A lungu kuma ga ƙwayar dafaffen wake ta bushe.

Sista Perpétue ta ciro mabuɗi daga wuyanta tana hawaye, ta ce duk Asabar ita ke goge man, ba ta taɓa tambayar daga ina yake ba don tsoro. Ablawa ta sallame ta. Mai gogewa ba shi ne mai shafawa ba.

Sai Mesiyo Gbaguidi, malamin tarihi, wanda ya yi ta faɗa a fili cewa ba za a kai Yaron ko'ina ba. Amma tun Laraba yana Kwatano wajen sayen yadin biki, da shaidu cike da mota, sai yau ya dawo. Shi kuwa in aka taɓo tarihi ba a raba shi da magana. Ya ja ta gaban zanen bango, ya ce filin nan gonar masara ce ta wata da mijinta ya rasu, Maman Sika. Ranar da aka yi mata baftisma ta ba da gonar, aka tara gumakanta aka cinna musu wuta daidai inda aka kafa tubalin farko. Ga ta nan a zanen da 'ya'yanta biyu: Fada Barnabé, tsohon shugaban kwalejin, da ƙaninsa Dossou.

Ablawa ta tsaya cak.

"Su biyu ta haifa?"

"Haka tarihi ya ce, Sufeto."

"To, tarihinka bai iya ƙirga ba, Mesiyo. Wa ya taɓa sa wa yaro Dossou in ba tagwaye ya biyo ba?"

Ɗakin Fada Barnabé na bayan majami'a, inda inuwar itatuwa ba ta barin rana ta shiga. Tun daga ƙofa ta ji ƙanshin wake. Tsohon na zaune shi kaɗai cikin farar rigarsa, amma kwano biyu ne a teburin, babba da ƙarami, kuma ƙasa-ƙasa yake magana kamar mai lallashi. Da ta yi sallama ya katse maganar.

Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta jera masa abin da ta gani. Ɓarawon da ya tsallake azurfa ya ɗauki itace ba ciniki ya kawo shi ba. Akwatin da mabuɗi aka buɗe shi, kuma tsohon shugaba ne kaɗai ba wanda ya tuna ya karɓi nasa. Wake da manja abincin tagwaye ne, don a ƙasar nan in aka rasa ɗaya akan sassaƙa siffarsa da itace, a riƙa ciyar da ita ana yi mata wanka. Fuskar da ta suɗe kuwa, wanka ne ya cinye ta.

"Sai rigar, Fada. Tagwaye kaya iri ɗaya ake sa musu."

 Tsohon ya sa hannu cikin ƙirjin rigarsa ya fito da Yaron, ya zaunar da shi gaban ƙaramin kwanon.

"Sagbo, ga baƙuwa."

Ya ce shi da Sagbo tagwaye ne, kuma ranar wutar nan Baturen ya ga yadda uwarsu ta ƙanƙame wannan ɗaya, sai ya karɓa ya cusa a hannun rigarsa. Daga baya ya sa shi a gilashi, ya bar mutane su faɗi abin da suke so. Rigar kuwa shi ya ɗinka masa da hannunsa ranar da ya zama fada.

Ablawa ta kusa tambayar yaushe ya rasu, ta kama bakinta. Ba a faɗin haka ga tagwaye, sai dai a ce sun tafi daji.

"Yaushe ya tafi daji, Fada?"

"Muna rarrafe. Itace ya je nema." Ya lakato manja ya shafa a bakin Sagbo. "Mutum nawa na binne, 'yata, ina karanta musu addu'a. Shi kaɗai na kasa. In sun kai shi ƙetaren teku, wa zai ba shi abinci? Ba ya jin Faransanci."

Tausayi ya kama ta, da tsoron nan na ƙuruciya da bai sake ta ba.

Da ta koma ofishin kwalejin, shugaban ya tare ta a ƙofa yana tambayar ɓarawo. Ta ce ta gano wanda ya ɗauka, amma ba ta san dokar da ta hana mutum ɗaukar ɗan'uwansa ba. In yana so a kai shi Faransa, sai ya je da kansa ya raba su.

Bai je ba. Ranar biki Fada Barnabé ya hau bagaden majami'a yana dogara sanda, hannunsa ɗaya dafe da ƙirji. Da aka zo gaisuwar salama, ya miƙa wa Ablawa hannu, ta riƙe. Sai ya ɗan buɗe rigar, yana jira.

Ta sunkuya.

"Salama gare ka, Sagbo."