Ranar da Na Kira Sunansa

"Cije zanenki, Taibatu! Ɗiyar gidanga ba ta kuka wurin haihuwa!"

Gwaggo Hindu ke nan, ƙanwar Baba, tsaye a kaina hannu a ƙugu. Kwana biyu ina durƙushe a ɗakin marigayiya Innata a Tsibiri, inda na zo goyon ciki. Na sha rubutu har cikina ya ƙi karɓa, ungozoma ta danna ta shafa har ta gaji, abin da ke cikina ya ƙi fitowa.

"Gwaggo... ku kai ni asibiti..."

"Asibitin mi? Mu da munka haihi tara-tara asibiti munka tahi? Gishiri na. An aika kiran wanzami, ya yanke shi ki huta."

Wanzami! Askar da aka sa wa ƙawata Turai bara, har yau fitsari bai daina zubo mata ba.

"Shi fa... ya zo?"

Shi, haka na ce. Mace ba ta kiran sunan mijinta, balle a gidan ubanta. Shekara guda da aurenmu bai taɓa jin sunansa a bakina ba.

"Ko leƙowa bai yi ba. Da Falaluna kinka aura, da yanzu yana zaure yana jira."

Na san da wannan. Gwaggo ba ta taɓa yafe min ƙin ɗanta da na yi ba. Baba kuma nasa haushin daban. Mijina Hayatu direban tipa ne a aikin dam ɗin Bakolori, dam ɗin da ruwansa ya haɗiye fadamar Baba. Sai da na daina cin abinci kafin Baba ya yarda da auren, amma ya rantse da Allah motar nan ba za ta taɓa tsayawa a ƙofar gidansa ba.

Bayan azahar Gwaggo ta fita. Ta bayan danga na ji wata murya ƙasa-ƙasa, muryar da ko a kasuwar Talata zan tsince ta.

"Gwaggo, barka da aiki. Yaya mai jiki?"

"Lahiya lau take, barci ma takai. Tahi abinka."

"Tun jiya haka kike ce mani, Gwaggo..."

Tun jiya! Ashe yana nan bakin danga, ni kuwa ina ciki ina zaginsa a zuci! Wani baƙin ciki ya taso min wanda ya fi naƙudar zafi. Na tofar da zanen da ke bakina.

"HAYATU!"

Ungozoma ta yi salati.

"Hayatu! Ƙarya takai! Mutuwa nikai!"

Ban san ta inda ya bi ba, sai ganinsa na yi a ɗakin, a cikin gidan surukai, da takalmansa.

"Masoyiyata... dube ni. Na zo."

"Sai yanzu? Kunya ta kashe ka a waje, ni ta kashe ni a ciki?"

Sai ya sungume ni. A tsakar gida muka yi karo da Baba.

"Kai! Gidana zaka shiga hakanga?"

"Baba, ka gahurce ni. Yau ko duka na zaka yi, sai na kai ta."

"A wace mota? Na rantse!"

Ni da ban taɓa ɗaga ido na kalli Baba ba, ranar na kalle shi.

"Baba, ruwa ya ci gonarka. Ni kuma rantsuwarka zata ci ni?"

Sai a lokacin ya ga jinin da ke bin ƙafafuna. Ya juya a hankali ya dubi ƙanwarsa.

"Hindu... ba ke kinka ce mani komi lahiya ba?"

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Ina motar?" in ji Baba.

"Tana bayan gari, gindin tsamiya."

"Kawo ta. Har bakin ƙohwa!"

Aka shimfiɗa ni a gaba, kaina a cinyar ungozoma. Baba ya tattare babbar rigarsa ya haye baya, inda ake zuba yashi. Haka muka isa asibiti a Talata Mafara, Hayatu na tuƙi yana kuka yana kiran sunana kada in rufe ido.

Tiyata aka yi min. Da na farka, wata nas ta ɗora min ’yar jaririya a ƙirji tana faɗa, wai da mun ƙara awa ɗaya da gawa biyu za a mayar.

Har yau ban huce da Gwaggo ba, gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Baba kuwa azumi uku ya yi na kaffarar rantsuwarsa. Ranar suna da kansa ya sa aka share wa tipa wurin tsayawa, daidai ƙofar zaure.

Da jama'a suka watse Hayatu ya leƙo yana murmushi.

"Ƙara kira na in ji, don Allah."

"Wallahi ba ni ƙarawa."

"Sau ɗaya tak, masoyiyata."

"Ka roƙi Allah kada ka sake ji," na ce, hawaye na zubo min. "Na san abin da ya kai ni."