Jar Tutar Baba Manasse

"Ketura, tunani kike kuwa? Hanyar da ake yanka mutane za ki bi?"

"Ubana ne, Dzarma! In kai tsoro kake ji, zauna a unguwarku Bolori ka auri tabarma!"

Na faɗa ina huci, ni dai bakina ba ya da linzami. Dzarma, saurayin da zan aura, ya kamo gefen gyalena, idonsa jajur.

"Haba abar ƙaunata... wa ya ce tsoro? Ki je ki lallashe shi, gobe da hantsi zan zo da akori-kura in kwaso ku."

Baba Manasse shi ne mai ba da hannu a tashar jirgin ƙasa ta ƙauyenmu Ngwalari. A nan ya haɗu da marigayiya Mama tana tallar dafaffiyar gyaɗa ta tagar jirgi, a nan aka haife ni. Jirgi ya daina zuwa tun ina firamare, ciyawa ta cinye dogo, awaki suka gaje ofis. Amma kullum sai Baba ya share dandamali, tutocinsa biyu a hammata, ja da kore. Rabin gari ya gudo Maiduguri saboda mahara, shi ya ce ba inda za shi. Aurena kuma ya ce sai ango ya tako tasha da ƙafarsa.

"Dzarman nan ɗan Yoila direban jirgi ne ko?" ya tambaye ni da na isa. "Ubansa bai taɓa tsallake jar tuta ba. Mu ga ko ɗan ya gado."

"Baba, don Allah ka bar zancen tuta, ka haɗa kayanka!"

Dariya kawai ya yi. Wallahi kamar in ɗauke shi a ka.

Da hantsi mahara a kan babura suka riga Dzarma isowa. Baba ya tura ni ɗakin fitilu ya ja ƙofa, ina leƙe ta tsagar katako. Malam Bukar mai shayi suka fara harbewa, ya kifa kan tukunyarsa. Ɗansa ya ruga, suka bi shi da harsashi a baya. Wani mai rawani ya fizgo Baba, ya ga tutoci, ya fashe da dariya.

"Tsoho, jirgi kake jira?"

Ya kwaɗa masa gindin bindiga a baki. Jini ya wanke farar rigar Baba, na cusa gyale a bakina kada ihu ya fita. Suka watsar da shi a matsayin mahaukaci, suka laɓe a tsohon sito, bindigoginsu na kallon inda titi ya ratsa dogo. Mota suke jira.

Sai ga ƙura daga hanyar Maiduguri. Wayyo Allah... Dzarma!

Baba ya miƙe da ƙyar. Ya ja ƙafa har tsakiyar dogo, ya tsaya ƙyam yadda yake yi wa jirgi, ya ɗaga jar tuta sama da hannu biyu.

Da wani direban ne, da ya ce tsoho ya zautu, ya ƙaraso. Dzarma kuwa birki ya taka har motar ta juya, ya koma a guje.

Suka buɗe wa Baba wuta. Na ga tutar ta yi sama, na ga ya durƙusa, ban ƙara sanin inda nake ba.

Muryar Dzarma ce ta farkar da ni, ya dawo da sojoji, maharan sun shige daji.

"Ketura! Masoyiyata, fito... Baba na kiranki!"

Yana kwance kan dogo, kansa a cinyar Dzarma, numfashi na fita da ƙyar.

"Ɗan Yoila... ka ga ja, ka tsaya?"

"Na tsaya, Baba. Ka yafe mini, da na sani..."

"Da ka wuce... da ban ba ka ita ba."

"Baba ka yi shiru! Asibiti za mu, ka ji? Baba!"

Bai kula ni ba. Ya lalubo ɗaya tutar daga hammatarsa, duk jini ya ɓata ta, ya ɗora hannuna kan na Dzarma. Ya ɗaga koriyar kaɗan, iyakar ƙarfinsa.

"Hanya ta buɗe... ku wuce."

Hannun ya sauka a kan dogo. Na rungume shi ina kiran sunansa, ni mai bakin tsiya, ban samu ko kalma ɗaya ta musu ba.