Ƙishirwar Jar Mota

"Kowa ƙasa! Wanda yaɗ ɗaga kai, shi yas so!"

Muryar Ɗanbaba ce ta tsaga gidan man da ke bakin hanya a Boɗinga, ana fitowa daga sallar azahar. Masu babura suka zube. Wata mai tallan fura ta saki ƙwarya, nono ya malale a siminti.

Arzika yana tsaye bayan famfo na biyu. Ba haka aka shirya ba.

Kwana uku shi da su Ɗanbaba suna bin jar motar nan. Ƙofa biyu gare ta, cikinta kusa da ƙasa kamar kunkuru, silinda takwas a gaba. Ta Zainulabidin ce, ɗan wani babban dillalin albasa, ya zo da ita daga Abuja gaida iyaye. Akwai tirela da ke jiransu bayan rumbunan albasa, gaba da Shagari kaɗan. A shigar da jar motar ciki, a rufe da tamfol, shi ke nan. Direban tirelar ya ce da kiran la'asar zai tashi, ko da su ko babu su.

Sharaɗi ɗaya Arzika ya kafa ranar da aka ɗauke shi tuƙi: a bari a cika tanki tukun. Shekara ashirin da biyu yana jan fasinja tsakanin Sakkwato da Jega kafin injin tsohuwar motarsa ya buga, ya san abin da yake faɗa. Amma Ɗanbaba ya ga mai motar ya fito da mabuɗi a hannu zai gaida wani dattijo, haƙuri ya ƙare masa. Malam Nasiru mai sayar da mai ko ɗigo bai zuba ba.

Shi kuwa Malam Nasiru bai kwanta ba. Tiyo na hannunsa, kuma tun da ya fara aikin nan bai taɓa ajiye bakin tiyo a ƙasa ba. Ya juya zai rataye shi a ma'ajinsa. Maniru, na ukunsu, ya ga hannu ya nufi bayan famfo.

Tau!

Malam Nasiru ya jingina da famfon, ya sulale a hankali.

"Direba, shiga!" Ɗanbaba ya jefo masa mabuɗin da ya fizge.

Maniru ya naɗe kansa a 'yar kujerar baya, gwiwa a haɓa. Arzika ya danna madanni. Injin ya yi wani gurnani da ya ji shi har cikin haƙarƙari. Ya taka totur yadda ya saba taka tsohuwarsa — motar ta yi tsalle, bayanta ya watsa tsakuwa, suka hau kwalta a karkace.

Sai da suka bar gidajen ƙarshe na gari ya kai ido kan allon da ke bayan sitiyari. Fitilar mai tana kunne, ruwan ɗorawa. Kusa da ita lamba: 84.

"Oga, ba mai cikin motag ga."

Ɗanbaba ya leƙo. "Mi ta rubuta nan?"

"Kilomita tamanin da huɗu."

"Mu nawa za mu yi?"

"Talatin da 'yan kai."

"To kukan mi kake, tsoho? Har da canji. Taka ta."

"Wannan lissafin mai ita ne. Shi lallaɓa ta yake awa ƙwai."

"Na ce taka ta."

Arzika ya taka. Bishiyoyin dogon yaro suka koma tsiri ɗaya kore. Ya wuce wata motar itace kamar tana tsaye. Bai taɓa jin abu irin wannan ƙarƙashin ƙafarsa ba, kuma Allah ya sani, na ɗan lokaci ya ji daɗi. Da ya sake duba allo, 84 ta koma 66. Ko kilomita biyar ba su yi ba.

A gidan man, an lulluɓe Malam Nasiru da zanen mai fura. Sufeto Aminu ya sauko daga motar sintiri, ya tsaya kan gawar, sannan ya juya ga Zainulabidin wanda ke zaune a dakali, leɓe a fashe.

"Wace hanya?"

"Shagari, yallaɓai."

Saje Auwal, direban 'yan sandan, ya girgiza kai. "Ranka shi daɗe, wagga akwalar tamu ba ta kama waccan ko da fiffike."

"An zuba mai?" Sufeto ya tambayi Zainulabidin.

"Ba a kai ga zubawa ba."

"Nawa ya rage?"

"Bai fi lita goma ba. A takarda sun ce lita ɗaya tana kai ta kilomita takwas ko tara. Ni ban taɓa ganin haka ba sai in na bi ta a hankali a hanya doguwa. In aka danne ta, uku ma da ƙyar."

Sufeto ya yi lissafi yana motsa leɓe.

"Saje, tada mota. Kada ka wuce yadda ka saba. A kira Shagari su sa shinge." Ya buɗe ƙofa. "Ba mu za mu kama su ba."

A cikin jar motar, allon ya nuna 52.

Arzika ya sassauta ƙafa. Nan take ya ji bakin bindiga a cinyarsa.

"Wa yac ce ka rage?"

"Oga, ka dubi lambar. In mun tahi sannu muna isa. In mun ci gaba haka, a hanya za ta aje mu."

"In mun tahi sannu a kama mu awa kaji?"

"A kashe esin nan aƙalla."

"Bar shi. Rabona da sanyi irin wanga tun da anka haihe ni."

Daga baya Maniru ya yi magana. "Ya mutu kuwa?"

Ya leƙo da kai tsakanin kujerun gaba.

"Ni na zaci ƙarfe zai ɗauko. Kawu Arzika, kai ka gani, ai hannu ya kai..."

"Tiyo zai rataye," in ji Arzika. "Na san shi. Ya sha ba ni ruwan alwala."

"Ku rufe mani baki ku biyu," in ji Ɗanbaba.

Wata tirelar siminti ta tare hanya, motoci biyu na tahowa ta ɗaya hannun. Arzika ya taka birki, ya jira, ya sake dannawa ya wuce. Injin ya yi kuka mai daɗi. Wannan wucewa kaɗai ta cinye bakwai. 38. Ya tuna tsohuwar motarsa, wadda galan ɗaya ke kai ta Shagari ta dawo da shi Boɗinga, har ya rage na tashi da safe. Ya tuna Hajjo, matarsa, a Dandin Mahe. Da safe ya ce mata Sakkwato zai tafi duba injin na hannu. Ta ce ya taho mata da allurar keken ɗinki.

Gaba kaɗan ya hango rumfar 'yan bumburutu, galan-galan jere a kan benci, rana na haska su ja.

"Oga, minti biyu. Galan ɗaya ya ishe mu."

Ɗanbaba ya waiga. Hanya fayau, babu kowa. Ya buɗe baki zai yarda, sai ga jiniya can nesa, siririya. Ko ta 'yan sanda ce, ko motar asibiti, ba wanda ya tsaya tantancewa.

"Wuce! Wuce!"

Suka wuce. Mai rumfar har ya miƙe da mazurari a hannu.

21. Suka ratsa Lambara, awaki na watsewa. 14. Allon ya fara ƙara, ƙit, ƙit, yana rubuta wani abu da Turanci. 9. Sai lambar ta ɓace gaba ɗaya, layi uku suka maye gurbinta.

"Mi ke nan?" Ɗanbaba ya daki allon da tafin hannu. "Ina lambar?"

"Ta ƙare."

"Saura nawa mu kai?"

"Bakwai. Ko takwas."

Ɗanbaba ya ɗaga bindigar daga cinya ya kai ta wuyan Arzika. Bai ɗaga murya ba. "Ka ce shekara ashirin kana tuƙi. In motag ga ta tsaya, kai ma ka tsaya."

A nan hanya ta fara gangarawa zuwa fadama. Arzika ya san gangaren nan kamar tsakar gidansa. Dogo ne, yana ƙarewa da kwana kafin wata 'yar gada. Duk direban haya da ke bin hanyar ya san abin da ake yi a nan: a sa giya a firi, a kashe inji, a bar mota ta gangara da nauyinta, a tada ta a ƙasa. Sau dubu ya yi, fasinja na hira ba su ma lura ba. Da irin wannan tattali ya ciyar da gida.

Ya sa firi. Ya danne madannin ya riƙe.

Gurnanin ya ɗauke. Esi ya tsaya. Sai iska da ƙarar taya.

"Mi kay yi?"

"Tattali. Bari ka gani."

Motar ta gangara sumul, gudunta ma ƙaruwa yake. Gadar ta taso. Arzika ya murza sitiyari zai shiga kwanar — sitiyarin ya ƙi. Ya yi nauyi kamar an zuba masa siminti. Ya sa hannu biyu, ya ɗan motsa kaɗan. Ya taka birki, ya kama. Ya saki ya sake takawa, ya kama rabi. Na uku, dutse ya taka.

"Tada ta! Tada ta!"

Ya danna madannin. Allon ya kawo rubutu. Injin bai amsa ba.

"Innalillahi—" in ji Maniru.

Suka daki bakin gadar da gefen direba. Sama ta koma ƙasa, ƙasa ta koma sama, sau biyu. Sannan shiru, sai ƙamshin albasa da aka murƙushe.

Da Arzika ya buɗe ido, motar na kwance a gefenta cikin fangalin albasa, ruwan ban-ruwa na shigowa ta tagar da ta fashe. Ƙafarsa ta dama tana can ƙarƙashin ƙarfe, ba ya jin ta. Ta gilashin gaba ya ga Maniru a waje, yana jan jiki da hannu, ƙashin cinya ya huda wando. Ɗanbaba na tsaye a kansa, jini a goshi, amma a kan ƙafafunsa.

"Oga, ɗauke ni. Don Allah, Oga."

"Ba ka iya tahiya?"

"Ka kama ni, ina iyawa."

"Ka san gidana, Maniru. Ka san gidan uwata."

"Wallahi ba ni faɗi—"

Harbi ɗaya.

Ɗanbaba ya juyo wajen motar, ya sunkuya yana neman fuskar Arzika ta cikin fasasshen gilashi. Arzika ya rufe ido, ya fara kalmar shahada. Amma ihu ya taso daga gonaki, manoma na tahowa da fartanyoyi. Ɗanbaba ya waiga, ya ga babur jingine kusa da injin ban-ruwa, mabuɗi a jiki. Ya haye ya buga, ya kama turbar da ke bin fadama.

Manomin da ke da babur ɗin ba ya ɗauko galan in zai zo gona. A tankin babur yake kawo mai, ya zuƙe shi da tiyo ya zuba wa injin ruwa, ya bar ɗan abin da ke cikin kafireto. Babur ɗin ya kai Ɗanbaba bakin wata tsamiya ya mutu. Harsashi biyu suka rage masa, mutanen kuwa sun fi talatin, kuma sun ga abin da ya yi wa na ƙasa. Kafin motar sintiri ta iso, a gudunta na kullum, an gama da shi.

Sai da aka kawo maƙeri da zarto aka fid da Arzika. Suka kwantar da shi a bakin kwalta. Daga wani masallaci can cikin gari ake kiran la'asar. Ya ji shi sarai.

Sufeto Aminu ya tsuguna kusa da kansa. "Sunanka?"

"Arzika."

"Ba mu ga alamar birki a kwalta ba, Arzika. Mi ya faru?"

"Kashe ta na yi, ranka shi daɗe. A gangare. Don mai shi kai mu."

Zainulabidin, wanda ya biyo 'yan sandan, yana tsaye yana kallon abin da ya rage na motarsa. Ya juyo a hankali.

"Kashe ta ka yi?"

"Haka muke yi."

"Baba, irin waɗannan, in ka ɗaga ƙafa a gangare tana cikin giya, da kanta take yanke man. Ko ɗigo ba ta sha." Ya share leɓensa da ya kumbura. "Ba abin da ka tattala."

Arzika ya kalli sama.

Aka yi jana'izar Malam Nasiru a Boɗinga kafin magariba, ya bar mata da 'ya'ya biyar. Maniru da Ɗanbaba aka kai su ɗakin ajiye gawa a bayan mota ɗaya. Tirelar da ke bayan rumbunan albasa ta tashi a kan lokacinta, ba a sake jin labarinta ba.

A asibiti likitoci suka yanke ƙafar daga gwiwa, ta daman, wadda ya taka totur da ita shekara ashirin da biyu. Kwana uku bayan haka aka bar Hajjo ta shiga. Ta tsaya a bakin gado, ta dubi ankwar da ta haɗa hannunsa da ƙarfen gadon, ta dubi inda bargo ya kwanta babu komai ƙarƙashinsa. Ta ajiye kwanon abinci a ƙasa.

"Ka ce Sakkwato za ka."

Arzika ya juya fuska bango.