Masu Jiran Allura a Bayan Durba

A bazarar da sanƙarau ya addabi ƙauyukan Kibiya, aka turo likitocin soja na ƙasashe uku su yi rigakafi tare. Kofur Suwaiba, ma'aikaciyar jinya 'yar Rano, ita aka haɗa da Kyaftin Mahdi, likitan sojan Senegal mai jin Fillanci.

Ran nan dab da magariba suna barin Durba, wata tsohuwa ta tare motar. Lado direba ya taka birki.

"'Yata, kun tsallake rugarmu," in ji ta. "Mun daɗe muna jira."

Saura kwalba biyar ta maganin rigakafi a akwatin ƙanƙara. Suka bar Lado a mota, suka bi tsohuwar zuwa bayan wani dutse.

Mutane sun fi talatin a layi, kowa ya naɗe hannun riga. Warin kashin shanu da hayaƙi ya cika wurin, amma ba saniya, ba wuta. Ko tari ba mai yi.

Suwaiba ta kama damtsen na farko. Sanyi ƙalau kamar randa. Ta soka allura, bai motsa ba. Na biyu ma haka. Sai ta lura wuyan kowa a sanƙare yake, kai ya karkata baya.

Kyaftin ya ɗora abin sauraron zuciya a ƙirjin wani dattijo. Ya gusar da shi. Ya sake gusarwa, ba bugun zuciya. Dattijon ya yi masa raɗa da Fillanci.

"Kofur," Kyaftin ya ce a hankali da tsintacciyar Hausarsa, "rufe akwati."

"Yallaɓai, me ya ce?"

"Wai mun makara da shekara goma sha uku. Wai ɗayanmu zai zauna da su."

Layin ya fara lanƙwasowa yana zagaye su. Ba ƙarar taku.

Suwaiba ta kama karanta Ayatul Kursiyyu.

Yatsu masu sanyi suka riƙe wuyan rigarta.

Can daga Durba ladan ya ɗaga kiran salla. Yatsun suka saki. Kyaftin ya fizgo ta, suka ruga.

Washegari mai gari ya raka su wurin. Kaburbura ne kawai. Sanƙarau ya share rugar tun tuni, ba likitan da ya iso gare su.

Kyaftin ya matsa sai da aka binciko rugage tara da babu su a takardar aiki, aka yi musu rigakafi.

Suwaiba kuwa, har ta bar aikin soja, ba ta ƙara soka wa mutum allura ba sai ta taɓa wuyan hannunsa ta ji jijiya na bugawa.