Kwana Biyar Na Marrit

"Gobe da safe Mama za ta zo ta ɗauki gadon jariran," in ji Sjoerd. Idonsa na kan burodin da yake shafa wa man shanu, wai shi a dole bai faɗi wani abu ba.

Matarsa Marrit ta ci gaba da juya cokali a kofi. Farin garin maganinta, inositol, ya daɗe da narkewa, ita dai juyawa take yi.

"Kin ji ni, masoyiyata?"

"Na ji."

"Matar Douwe ta shiga watanta... kin san ƙanena da gajen haƙuri."

"Ka ce ta ƙara min sati ɗaya."

"Haba Marrit! Shekara shida fa yana saman benenmu!"

"Sati ɗaya na ce."

"To ba ni dalilin da zan faɗa wa Mama."

Ba ta ba shi ba. Ya saɓi jakarsa, ya hau keke ya tafi aiki, ko sumbar goshin da ya saba bai yi mata ba. Ba ta ji haushi ba. Gaskiyar magana ba ta ji komai ba.

Gadon na katako ne, tun na kakan kakan Sjoerd. Duk jaririn da aka haifa a danginsu a cikinsa yake fara kwana, a rubuta sunansa a ƙasan katakon. Ranar bikinsu surukarta Tjitske ta kawo musu shi, tunda Sjoerd ne babba. Tun ranar yake can sama yana shan ƙura.

Ita kuwa Marrit tun tana budurwa al'adarta sai ta ga dama take zuwa, bayan wata uku, bayan wata huɗu. Ga gashi a haɓa, ga ƙuraje, ga ƙibar da ba ta jin magana. PCOS likita ta kira ciwon, ta ce ƙwanta ne ba ya fita kan lokaci. Ita ce ta ce ta gwada garin nan, safe da yamma.

"Ba alkawari nake miki ba," ta ce. "Wasu matan yana taimaka wa jikinsu wajen sarrafa sukari, al'ada ta daidaita. Wasu kuma shiru."

Ita dai ya karɓe ta. Ƙurajen suka kwanta, wata uku a jere al'ada tana zuwa duk bayan kwana ashirin da tara cif. Sai ga shi wannan watan ta wuce da kwana huɗu.

Da can ai jinkiri ba labari ba ne a wurinta. Yanzu ko? Tsoron yin gwajin ciki take, tsoron faɗa wa Sjoerd take. Abu ɗaya ta sani, ba ta son gadon nan ya bar gidanta a wannan satin.

Washegari da safe ta shiga banɗaki, ta ga jini.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta gyara jikinta, ta wanke hannu, ta ɗauki tsumma ta hau sama. Sjoerd ya same ta a durƙushe tana goge ƙafafun gadon.

"Marrit, na yi tunani. Bari in kira Mama, in ce ta bari sai..."

"Kama can."

"Jiya fa kika ce..."

"Kama can, na ce. Matakalar nan ba ta mutum ɗaya ba ce."

Suka sauko da shi a karkace, shi a ƙasa, ita a sama. Tjitske na tsaye bakin ƙofa da kek ɗin da ta gasa, sai fara'a take yi har ta yi yawa.

"Kai 'yar nan, kin goge shi tas! Aro ne fa, kin ji? Da jaririn ya fara zama zan dawo miki da shi."

"To, Mama."

"Ba ki yi fushi da ni ba ko?"

"A'a, Mama. Ki gaishe su."

Aka tura gadon a bayan mota. Marrit ta ɗaga hannu har motar ta haye gada ta ɓace. Hannun ya daɗe a sama, sai da Sjoerd ya sauke mata shi.

"Ki yi min faɗa mana," ya ce. "Ki zage ni! Shirun nan naki kashe ni yake yi, rabin raina."

"Ya zo yau da safe."

"Me ya zo?"

"Jinin. Kwana biyar ya yi jinkiri." Ta faɗa kamar mai karanta takardar cefane. "Kwana biyar ina da ɗa, Sjoerd. Har suna na raɗa masa."

Wani maƙwabci ya wuce a keke yana gaishe su, ba wanda ya amsa.

"Ke kaɗai? Kwana biyar ke kaɗai kike ɗauke da wannan?"

"Ban so in faɗa maka in kuma ƙwace ba."

"Ai nawa ne ni ma!" Ya riƙo fuskarta da hannu biyu, hawaye sun cika masa ido. "Wane suna?"

"Ka bar shi..."

"Don Allah. Ina son in san sunan ɗana."

"Jelle."

"Jelle," ya maimaita a hankali.

Da ta ji sunan a bakin wani, sai ta zube a ƙirjinsa. Nan bakin titi, kukan da ta yi shekara shida ba ta yi ba ya ƙwace mata.